Alat Ba Lissafi Ba Ne

Ranar da albashi ya shiga, garin Sakkwato kan sauya kama. Tun da hantsi layi ya miƙe a bakin na'urorin cirar kuɗi na bankunan Titin Kano, masu POS sun kafa laima a Gawon Nama da Mabera da bakin Babbar Kasuwa, 'yan kabu-kabu suna ta jigilar mutane, mai nama da mai shinkafa kowa ya gyara zama. Wanda nasa bai shigo ba yana riƙe da waya yana dubawa, yana tambayar abokin aikinsa ko ya ji alat. Wannan ƙarar ta waya ta zama ita ce ganin wata ga ma'aikaci.

A irin wannan rana ce wani ƙanena, malamin firamare, ya same ni bayan sallar magariba. Ya zauna bakin tabarma, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, duba min. Kuɗin sun shigo da safe, amma abin da na tarar bai kai rabi ba. Kuma wallahi ko sisi ban taɓa ba."

Gaskiya ya faɗa, bai taɓa ba. Amma da muka nemi takardar bayanin asusunsa ta wata uku, muka baje ta muna bi layi-layi, sai labarin ya fito. Ana gab da Sallah ya ga saƙo a wayarsa cewa ya cancanci ya ciri kuɗi fiye da abin da ke asusunsa, a cire idan albashi ya zo. Ya danna, ya yi wa yara ɗinki. Daga ranar asusun ya koma ƙasa da sifili, ruwa yana hawa a kan abin da ya zarce. Albashi na gaba da ya shigo, banki ya fara ɗauke nasa. Abin da ya rage bai kai shi tsakiyar wata ba, ya sake dannawa. Wata uku yana wannan zagaye, kuma duk tsawon lokacin bai taɓa zama ya tara abin da ya karɓa da abin da aka cire ba. Alat kawai yake karantawa, shi ma layin ƙarshe, inda aka rubuta abin da ya rage.

Wannan shi ne abin da ma'aikatan banki ke kira obadiraf: banki ya bar ka ka zarce ajiyarka, ya kuma caje ka a kan zarcewar. A ƙasashen Turawa tsohuwar hanya ce ta tatsar marasa ƙarfi. A Amurka an daɗe ana cirar kusan dala 35 duk sanda mutum ya zarce, ko da a kan kofin shayi ne. A Ingila sai a shekarar 2020 hukuma ta hana bankuna irin wannan tara ta kullum-kullum, su kuma suka mayar da ita ruwa mai tsada. Mu nan abin bai zo mana da wannan suna ba, shi ya sa da yawa ba su gane shi idan sun gan shi. Yakan zo da sunan adibas na albashi, ko rancen gaggawa na manhajar waya. Mafi sanuwa kuwa shi ne wanda kusan kowa ya taɓa yi: ka ranci katin waya na naira 100, a ba ka 85, ranar da ka sa kati a kwashe 100 cif. Kashi 15 cikin ɗari ke nan a kan bashin da sau da yawa ba ya kwana uku. Da wani ɗan kasuwa a kasuwar Kara zai ba ka rance da wannan sharaɗi, da unguwa duka ta san sunansa. Amma da yake ta waya ne, babu fuskar da za ka kalla, sai abin ya wuce kamar ba komai.

Abin da nake son faɗa a wannan fili ɗaya ne. Duk wanda ya buɗe asusu a banki, ya wajaba ya riƙe nasa lissafin da hannunsa, a takarda, daban da wanda banki ke riƙe masa. Alat sanarwa ce daga wanda kuke hulɗar kuɗi da shi, kuma shi ma yana da rabo a cikin kuɗin. Ban ce bankuna ɓarayi ba ne. Amma ban taɓa ganin ɗan kasuwar kirki da ya bar wa abokin cinikinsa riƙon littafi shi kaɗai ba, komai amanar da ke tsakaninsu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mu ba baƙin lissafi ba ne. Shiga kowane shagon kayan masarufi a Runjin Sambo ko Arkilla, ka ce a auna maka kwano biyu na shinkafa zuwa ƙarshen wata. Kafin ka juya, mai shago ya jawo wani tsohon littafi daga ƙarƙashin kanta ya rubuta sunanka da kwanan wata, wani da boko, wani da ajami. Uwar adashi a cikin gida, wadda wataƙila ba ta taɓa shiga aji ba, ta san wa ya zuba, wa ya yi fashi, kwasar wa ke gaba, kuma ba ka isa ka rikita ta da naira hamsin ba. Dillalin albasa da ke loda mota zuwa kudu ya san buhu nawa ya fita da bakin da aka yi. Garin nan kansa a kan alƙalami aka kafa shi. Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello da 'yarsa Nana Asma'u sun bar rubuce-rubucen da har yau ake karantawa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ta haɗa har da ƙaraminsa. To me ya sa idan kuɗi suka shiga banki sai mu ajiye alƙalami?

Ina ganin dalilin shi ne kuɗin sun daina bi ta hannunmu. Da, mutum ya karɓi albashinsa a hannu, ya ƙirga, ya sa a aljihu. Duk takardar da ta fita yana jin fitarta, kuma idan aljihu ya yi sauƙi ba ya bukatar a gaya masa. Abin ya sauya a hankali, sannan ya sauya gaba ɗaya a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000 a watan Oktoba na 2022, tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane, aka kwana a layin banki, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris na 2023. A wannan tsakani mai shayi da mai kayan miya da mai gyaran taya duk suka koyi cewa "yi min tiransifa". An tura mutane cikin wannan duniya da ƙarfin tsiya, babu wanda ya zaunar da su ya gaya musu cewa kowace ƙofa a cikinta akwai mai karɓar kuɗin shiga.

Kuma akwai su da yawa. A Janairun 2020, ƙa'idar Babban Banki ta sa naira 10 a kan tura kuɗin da bai wuce 5,000 ba, naira 25 daga nan zuwa 50,000, naira 50 a kan abin da ya haura. A kan wannan cajin kuma akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. Idan kuɗin da aka tura sun kai 10,000, akwai wata naira 50 ta gwamnati, wadda daga ƙarshen 2024 ta shafi har bankunan waya irin su OPay da Moniepoint da mutane suka gudu wurinsu. Lambobin nan da muke dannawa a ƙaramar waya don tura kuɗi ko duba abin da ya rage, kowane zama naira 6.98 ne. Saƙon alat kansa ba kyauta ba ne. Naira 4 ne a da, ya koma 6 a 2025 bayan an ƙara kuɗin kiran waya. Daga 1 ga Maris na 2025 an soke cira uku na kyauta da ake yi a na'urar bankin da ba naka ba, ya zama naira 100 a kan kowace 20,000. Ƙa'idar 2020 ɗin ta kuma sa wa katin cirar kuɗi na asusun ajiya naira 50 duk wata uku. Mai POS kuma nasa daban, kuma ba na ganin laifinsa, da shi yake ci da iyali.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai sa mutum ya ɗaga murya. Shi ya sa suke wucewa. Amma mu ɗauki ma'aikaci mai matsakaicin hali mu yi masa lissafin wata. Ya tura kuɗi sau 12, ga kuɗin makaranta, ga na tsohuwa a ƙauye, ga biyan mai shago: wajen naira 320. Alat 40, naira 240. Ya danna lambobi sau 20, naira 140. Ya ciri kuɗi a na'urar wani banki sau uku, 300. Ya je wurin mai POS sau huɗu ana cire masa 200, ya zama 800. Harajin naira 50 ya same shi sau uku, 150. In ka tara, ya doshi naira 2,000. A shekara kusan 24,000 ke nan, wato kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashin wata, naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kuma wannan lissafin na wanda bai ci bashi ba ne. Wanda asusunsa ya riga ya faɗa ƙasa da sifili, waɗannan ƙananan caji suna iya taruwa a kan ramin da yake ciki, su ƙara masa zurfi.

Na san abin da za a ce mini, kuma an sha faɗa mini. Wani abokina da muke zama majalisa ɗaya ya ce, "Malam, wanda ke da abin lissafawa shi ke lissafi. Albashin da ba ya kai goma ga wata, me za a rubuta?" Ba na raina wannan magana. A rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 a kan talauci mai fuskoki da yawa, jihar Sakkwato ce a kan gaba, kusan mutum tara cikin goma. Littafi ba ya ƙara albashi, ba ya rage kuɗin buhun gero, ba ya sa maganin zazzaɓi ya yi arha. Mutumin da ɗansa ke kwance asibiti zai danna rance ko da ya san ruwansa, kuma ni ba ni da bakin hana shi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Amma a ganina maganar abokina hujja ce a gare ni. Mai miliyoyi a asusu, in an cire masa 2,000 ba zai sani ba, kuma babu abin da zai same shi. Wanda ya rage da 3,000 ana saura kwana shida wata ya ƙare, shi ne naira 200 ke raba shi da cefanen yini. Kuma shi ne ke faɗawa rami da kuskuren lissafi ƙarami: yana zaton yana da 8,000, ya manta akwai biyan bashi da za a cire ranar 25, ya kashe 6,000, ranar cira ta zo babu isasshe, tara ta hau. Ba almubazzaranci ya kai shi ba. Mantuwa ce ta kwana ɗaya, irin wadda layi guda a takarda zai hana. Ƙanena ba mashayi ba ne, ba ɗan caca ba ne. Da ya ga jimillar abin da zai biya a rubuce tun ranar farko, na tabbata da ya je wurin tela ya roƙi a yi masa haƙuri zuwa ƙarshen wata, kamar yadda iyayenmu suka saba yi.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, kuma ya kamata su sani. Wasu idan bashi ya yi musu yawa a banki ɗaya, sai su buɗe asusu a wani su koma can, suna ganin sun tsira. Lambar BVN da aka fara a 2014 ta ɗaure duk asusun mutum wuri guda, kuma tun daga Agustan 2020 akwai tsarin da ake kira GSI, wanda ya ba bankin da ke bin ka damar ɗauko kuɗinsa daga asusunka na wasu bankunan. Izinin yana cikin takardar da ka sa wa hannu, ko dogon rubutun nan da ka danna "na yarda" ba ka karanta ba. 'Yan kasuwa masu rubuta cek kuma su tuna akwai dokar 1977 da ta tanadi ɗaurin shekara biyu ga wanda ya ba da cek alhali asusunsa babu abin da zai biya shi.

Lissafin da nake magana a kai ba wani ilimi ne mai zurfi ba. Littafin makaranta mai shafi 40 ya isa. Ranar da albashi ko ciniki ya shiga, ka rubuta. Nan take, kafin ka sayi ko goro, ka fitar da abin da ka san ba naka ba ne: biyan bashi, zubin adashi, kuɗin haya, abin da ka saba aika wa mahaifa. Abin da ya rage shi ne kuɗinka na gaskiya, ba lambar da ke cikin alat ba. Wannan bambancin shi ne zuciyar maganar duka, domin alat ba ya sanin alkawarin da ka ɗauka. Daga nan duk abin da ya fita ka sa shi a layi da daddare, har da cajin. Ƙarshen wata ka nemi takardar bayanin asusu ka gwada da littafinka. Mai babbar waya yana iya samunta ta manhaja ko imel ba tare da ya biya ba. A nan ne za ka kama kuɗin da aka cire maka a POS alhali takarda ta fito da cewa bai yi ba, ka je ka nemi a maido. A nan za ka ga cewa cirar 20,000 sau ɗaya ta fi cirar 5,000 sau huɗu sauƙi. Idan ka ga cajin da ba ka gane ba, ka rubuta ƙorafi ga bankin, ka karɓi shaidar sun karɓa. In wa'adinsu ya wuce ba su warware ba, Babban Banki yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, kuma aikinsa ke nan. Amma wanda ba shi da rubutu, da me zai je? "Ina ji kamar an cire mini" ba ya karɓo wa kowa ko kwabo.

Mata ma maganar ta shafe su, wataƙila fiye da maza. Da yawa daga masu sana'a a cikin gida, mai ƙuli-ƙuli da mai ɗinki da mai sayar da atamfa ta WhatsApp, kuɗin cinikinsu yana shiga asusun da katinsa ke hannun miji ko ɗa ko ƙane, shi ke zuwa ya ciro. Na ga zumunci ya yi tsami a kan naira dubu biyu da babu wanda ya ci ta, caji ne ya cinye a hankali, amma da yake babu rubutu sai zargi ya shiga tsakanin uwa da ɗanta.

Nauyin kuma ba a kan mai asusu kaɗai yake ba, kuma a nan ina da ƙorafi na gaske. A gari irin Sakkwato, inda mafi yawan masu shiga banki da Hausa suke tunani da ciniki, me ya hana sharuɗɗan rance su zo da Hausa? Me ya hana, kafin mutum ya danna, a nuna masa a fili: za ka karɓi kaza, za ka biya kaza, ranar kaza, in ka makara za a ƙara kaza? Kamfanonin da suka iya tallar rance da Hausa a rediyo sun iya rubuta sharaɗinsa da Hausa. Su kuma sunayen caji da ake rubutawa a gajarce da haruffan Turanci, waɗanda ko mai digiri sai ya tambaya, ba su dace da mutanen da aka ce ana son a jawo su cikin harkar banki ba. Ina kuma fata malamanmu, da suke yawan yi mana wa'azi a kan haramcin kuɗin ruwa, su sauko da maganar zuwa inda take a yau. Mutane da yawa da ba za su taɓa shiga ofishin manaja su nemi rance mai ruwa ba suna cin sa ta waya da tsakar dare ba su ma kira shi da sunansa ba. Akwai bankunan da ba su hulɗa da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da Taj da ya biyo baya a 2019, kuma samuwarsu alheri ne. Amma su ma suna cajin tura kuɗi da alat da kati kamar kowa, don haka wanda ya koma can ma bai rabu da littafi ba.

Ƙanena ya ɗauki wata huɗu kafin ya fita daga ramin. Ya je wurin mai shagon unguwarsu ya gaya masa halin da yake ciki, aka ɗaga masa ƙafa. Ya sayar da tunkiya ɗaya daga cikin biyun da matarsa ke kiwo, da yardarta, ya cike giɓin lokaci guda don ruwan ya daina hawa. Watan farko ya sha wuya ƙwarai, har tafiya makaranta a ƙasa ya yi ta yi don kada ya biya kabu-kabu. Saƙon nan na cewa ya cancanci rance bai daina zuwa ba, har yau yana shigo masa duk ƙarshen wata.

Ran Juma'ar da ta wuce na biya ta gidansa bayan an sauko daga masallaci. Na tarar da shi a zaure da littafin a kan cinya, babbar 'yarsa mai aji biyar tana riƙe da wayar tana karanto masa alat ɗaya bayan ɗaya, shi yana bi da jan biro irin na gyaran jarrabawa. Suka kai wani layi, yarinyar ta ce, "Baba, nan an cire naira 53 da kwabo 75, ba ta cikin littafi." Ya duba, ya yi shiru yana tunani, sannan ya ce kuɗin kati ne na wata uku da harajinsa. Ya rubuta, ya ce ta karanto na gaba.